Daga Patanjali zuwa Annobar Korona: Tarihin Sarrafa Numfashi

A cikin littafinsa kan ƙasar Indiya, wanda ya kammala wajejen shekarar 1030, Abu Raihan al-Biruni ya ambaci cewa ya fassara littattafai biyu daga Sanskirit zuwa Larabci. Ɗaya daga cikinsu shi ne littafin Patanjali, tushen ilimin yoga. Fassarar ta ɓace wa masana tsawon ƙarnoni, sai a 1922 aka gano kwafinta a wani ɗakin karatu na Istambul. Ke nan malamin Musulmi ya karanta abin da Indiyawa suka rubuta kan tsare numfashi, ya kuma bayyana shi ga masu jin Larabci, ƙarni takwas kafin kalmar yoga ta zama sananniya a Landan ko Niyok.

Tambayar da ta biyo wannan ilimi tun daga wancan zamani ba ta sauya ba: me sarrafa numfashi yake yi wa jiki, kuma ina iyakarsa? Amsar tana da muhimmanci ga ma'aikacin da damuwa ta hana shi barci, da kuma wanda ya tashi daga ciwon huhu amma har yanzu hawa bene yana sa shi haki.

Abin da tsofaffin littattafai suka nufa

Masana da yawa suna sanya littafin Patanjali a wajejen ƙarni na 4 Miladiyya. Gajerun jimloli ne kusan 196, kuma sun kasa hanyar yoga gida takwas. Na huɗu shi ne piranayama, wato tsara shaƙa da fitarwa da riƙe numfashi. Wanda ya san yoga ta hotunan masu lanƙwasa jiki zai yi mamakin cewa jimloli uku kacal littafin ya ware wa yanayin zama. Manufarsa ta addini ce: a tsayar da kai-komon tunani har rai ya kuɓuta. Lafiyar huhu ba ita ce damuwarsa ba.

Jiki ya samu babban matsayi ne daga baya. Hatha Yoga Piradipika, wanda Suwatmarama ya tsara a ƙarni na 15, ya bayyana hanyoyi takwas na riƙe numfashi, ya kuma yi alkawarin cewa suna kawar da cututtuka. Sai dai littafin ya haɗa alkawarin da gargaɗi: wanda ya yi gaggawa ko ya yi ba bisa ƙa'ida ba zai jawo wa kansa tari da shaƙuwa da ciwon kai. Wannan ilimi ya ƙetara iyakar addini a Indiya. Shehin ɗarikar Shattariyya, Muhammad Gaus na Gwaliyo, wanda ya rayu a ƙarni na 16, ya rubuta Bahrul Hayat da Farisanci, inda ya bayyana zaman yogi da numfashinsu ga almajiransa.

Shigowar ma'auni

Jawabin Suwami Bibekananda a taron addinai na Shikago a 1893, da littafinsa Raja Yoga na 1896, su suka gabatar da yoga ga Turawa a matsayin falsafa. Amma wanda ya juya akalar tarihin shi ne Suwami Kubalayananda. A 1924 ya kafa cibiyar Kaibalyadama a garin Lonabala, tsakanin Mumbai da Pune, ya kuma fara buga mujallar Yoga Mimamsa. A can ne aka riƙa ɗaukar hoton cikin masu atisaye, ana auna hawan jininsu da yawan iskar da suke shaƙa. Indiya tana ƙarƙashin mulkin Ingila a lokacin, kuma nuna cewa gadon kakanni zai iya tsayawa gaban kimiyyar Bature wani ɓangare ne na kishin ƙasa.

A shekarun 1930 Tirumalai Kirishnamacariya yana koyarwa a fadar sarkin Maisur. Cikin ɗalibansa akwai ƙanin matarsa, B.K.S. Iyengar, wanda aka haifa a 1918 ana tsakiyar annobar mura, ya kuma yi fama da zazzabin cizon sauro da taifot da tarin fuka yana yaro. Iyengar ya rayu shekara 95, kuma littafinsa na 1966 ya yaɗa yoga a duniya. Labarinsa yana da daɗin ji, amma labarin mutum ɗaya ba ya zama hujja, domin ba mu da hanyar ware rabon atisaye daga rabon abinci da gado da sa'a.

Ma'auni ya fara rage tsawon alkawuran. A 1935 likitar zuciya 'yar Faransa, Thérèse Brosse, ta je Indiya da na'urarta, ta auna masu cewa suna iya tsayar da bugun zuciyarsu. Sakamakonta ya sa wasu suka gaskata. A 1961 Wenger da Bagchi da Anand suka wallafa nasu binciken, suka nuna cewa zuciyar ba ta tsayawa. Abin da yake faruwa shi ne, riƙe numfashi tare da matse tsokoki yana ƙara matsi a ƙirji, jinin da yake komawa zuciya ya ragu, bugun ya yi rauni har yatsa ya kasa jin sa a wuyan hannu, alhali na'ura tana ci gaba da nuna shi. Gani ya kori ji.

Abin da ya tsira daga gwaji

Rushewar babbar da'awa ba ta tafi da komai ba. Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Duk lokacin da ya shaƙa, zuciya tana ɗan ƙara sauri. Idan ya fitar, wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙirji da ciki tana rage mata gudu. Saboda haka tsawaita fitar da numfashi yana ƙarfafa ɓangaren jiki mai kula da hutawa. Likitan Jami'ar Habad, Herbert Benson, ya gina littafinsa na 1975 a kan irin wannan lura, ya kuma nuna cewa ba sai da wata aƙida ta musamman ake samun natsuwar ba.

A 2001 Luciano Bernardi na Jami'ar Pabiya a Italiya ya wallafa wani bincike mai jan hankali. Ya tarar cewa masu jan carbin Katolika da Latin da masu maimaita kalmomin yoga duk numfashinsu yana sauka zuwa kusan sau 6 a minti, kuma a wannan mataki tsarin da yake daidaita hawan jini yana ƙara kaifi. Kalmomin sun bambanta, addinan sun bambanta, amma saurin numfashin ɗaya ne. A 2023 masu bincike a Jami'ar Sitanfod suka gwada minti 5 na atisaye kullum har wata guda a kan mutum fiye da 100, suka ga cewa salon da ya fi tsawaita fitarwa ya fi kyautata yanayin zuciya.

A ɓangaren huhu, ribar ta fi ƙanƙanta. Nazarin da cibiyar Cochrane ta yi a 2016 kan gwaje-gwaje 15 na masu asma ya samu ɗan sauƙi a alamomin ciwo da jin daɗin rayuwa, amma bai samu tabbacin cewa ƙarfin huhun kansa ya ƙaru ba.

Wannan rarrabewa tsakanin aikin jiki da ibada ita ce ta raba fatawoyi a ƙasashen Musulmi. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008 saboda abubuwan bautar Hindu da ke cikinta, yayin da Saudiyya ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017.

Jarrabawar 2020

A 2014 gwamnatin Narendra Modi ta kafa ma'aikata ta musamman don yoga da magungunan gargajiya, kuma a Disambar shekarar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga. Da korona ta zo, tsohon alkawarin warkar da kowace cuta ya dawo, wannan karon da kuɗi a bayansa. A 23 ga Yunin 2020, Baba Ramdeb, wanda ya yi suna ta koyar da numfashi a talabijin, ya ƙaddamar da maganin Coronil na kamfaninsa mai ɗauke da sunan Patanjali, yana cewa yana warkar da cutar. A ranar ma'aikatar ta umarce shi ya dakatar da tallar. A Mayun 2021, lokacin da asibitocin Delhi suke neman tukwanen oksijin ruwa a jallo, ya fito yana aibata likitancin zamani, Ƙungiyar Likitocin Indiya ta yi masa ca. A 2024 Kotun Ƙolin ƙasar ta tilasta wa kamfanin buga neman afuwa a jaridu kan tallace-tallacen yaudara.

A lokaci guda kuma, likitoci suna amfani da numfashi a inda ya dace. Littafin jagora da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar don masu murmurewa daga korona ya koyar da zama a jingine, sassauta kafaɗu, shaƙa ta hanci da fitarwa a hankali. Dalilin a fili yake. Wanda ya sha wahalar numfashi yakan saba da gajeren numfashi na saman ƙirji. Haki ya haifar da tsoro, tsoro ya ƙara haki. Atisaye yana karya wannan zagaye, yana mayar da aiki ga tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya kuma maye gurbin oksijin.

Saboda haka mai karatu da damuwar aiki ta dama zai iya gwada minti 5 a zaune, ya shaƙa ta hanci yana ƙirga huɗu, ya fitar yana ƙirga shida. Salon numfashi mai sauri da ƙarfi, ko riƙewa mai tsawo, bai dace da mai juna biyu ko mai hawan jini ko mai ciwon zuciya ba sai da shawarar likita. Wanda kuwa yake da zazzabi tare da haki yana zaune, ko ciwon ƙirji, ko tarin da ya wuce mako biyu, asibiti ne wurinsa tun yau. Atisayen zai jira shi har ya dawo gida.