Fim ɗin Rome da makircin fadar Barno

'Yan uwa, mun lura matasanmu a nan Dapchi sun kamu da kallon Rome, wasan talabijin da HBO da BBC suka fitar a 2005. Makircin ne ke jan su: yadda 'yan majalisa suka daɓa wa Juliyas Kaisar wuƙa a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da yadda Oktabiyan ya bar majalisar da sunanta, iko kuwa ya tattaro shi a hannunsa.

To ai mu ma muna da namu, ga shi a ƙofar gida, amma yaranmu sun fi sanin na Rumawa. A 1808 masu jihadi suka ci Birnin Ngazargamu, can wajen Geidam. Mai Dunama ya nemi agajin Shehu Muhammadu al-Kanemi, ya kuwa samu, sai dai da tsada. Shehu bai rushe gidan Saifawa ba. Ya bar wa Mai fada da suna, shi kuma ya gina Kukawa a 1814, ya riƙe mayaƙa da dukiya. Dabarar Oktabiyan ke nan sak.

Saifawa ba su haƙura ba. Dunama ya haɗa baki da Bagarmi, yaƙin da ya jawo ya ci shi. A 1846 Mai Ibrahim ya gayyato Wadai a asirce, Shehu Umar ya sa aka kashe shi, ɗansa Ali ya faɗi a fagen daga, daular ta ƙare. Umar ma bai sha ba: ɗan'uwansa Abdurrahman ya ƙwace gadon a 1853. Umar ya dawo a 1854, ya sa aka kashe shi.