Idan pon ɗin bayan mota ya fara kuka: yadda ake gane ciwonsa ta hanyar ƙara

Jama'a, duk wanda ya taɓa zama kujerar baya a motar kasuwa ya san wannan kukan da ke tasowa daga ƙarƙashi, kamar iska na busa bakin kwalba. Direba ya ƙara ma rediyo murya, a ci gaba da tafiya. Sau da yawa pon ne ke magana, kuma idan an yi masa kunnen ƙashi, wata rana zai tsaida mota a daji da fasinja da kaya.

Mene ne pon?

Pon shi ne ƙullin ƙarfen nan mai kama da kabewa da ke tsakanin tayoyin baya biyu. A Najeriya makanikai na ce masa bak-aksul. Sandar kardan, wadda can ake kira farfela, ita ke kawo masa ƙarfin inji daga buwat. A cikinsa akwai ƙaramin haƙori mai suna pinyo, wanda ke juya babban faifai mai haƙora, wato kuron. A tsakiyar kuron kuma akwai ƴan ƙananan haƙora da ake kira satalit. Su ke ba tayar waje damar yin gudu fiye da ta ciki idan mota na shan kwana. Pinyo da kuron suna juyawa bisa rulma, dukansu kuma cikin mai mai kauri.

Motocin da ke da shi su ne masu turi da baya da kat-kat: Hiace, Hilux, Land Cruiser, Peugeot 504 da manyan motocin kaya. Ƙananan motoci masu ja da gaba, kamar yawancin Corolla da ake gani yanzu, ba su da pon a baya. Idan irinsu na kuka ta baya, a dubi taya da rulma.

A fara tabbatar da cewa pon ne

Ba kowace ƙara ce ta pon ba. Idan mota na tsaye, ka ba ta wuta kuma ka ji ƙarar, to inji ne ko bututun hayaƙi, don pon ba ya juyawa sai mota na tafiya. Idan ƙarar na canzawa daga kwalta zuwa jar ƙasa, taya ce. Idan tana bayyana cikin bites ɗaya ta ɓace cikin wani, a zargi buwat. Kukan pon yana bin gudun mota, kuma yana canza murya tsakanin lokacin da aka taka wuta da lokacin da aka ɗaga ƙafa.

A nemi kwalta mai kyau inda babu cunkoso, a kashe rediyo, mutum ɗaya ya zauna baya yana saurare. A tafi da gudun kilomita 40 zuwa 80, a taka wuta, a ɗaga ƙafa, sannan a karkata dama da hagu a hankali.

Ƙararraki da ma'anarsu

Kuka mai siriri idan an taka wuta, ya lafa idan an ɗaga ƙafa: galibi haƙoran kuron da pinyo ne suka ci, ko an ɗaura su ba daidai ba, ko kuma mai ya yi ƙasa.

Kuka idan an ɗaga ƙafa kawai: an fi samun rulman pinyo da laifi, ko babban notin da ke riƙe da shi ya saki.

Gurnani mai nauyi da ke farawa tun wajen kilomita 30, ba ruwansa da wuta: rulma ce. Idan gurnanin ya ƙaru lokacin da aka karkata hagu, rulman tayar dama ce ake zargi, don a lokacin ita ke ɗauke da nauyi. Haka ma akasin haka.

"Kwas" guda ɗaya lokacin tashi, ko lokacin sa bites na baya: ko dai haƙora sun yi wasa da yawa, ko kuma gicciyen kardan ya mutu. A fara duba gicciyen, shi ya fi sauƙin kuɗi. Shi ne kuma ke sa mota rawar jiki da ke ƙaruwa da gudu.

Ƙas-ƙas ko bugu cikin kwana kawai, a miƙe shiru: satalit ne. A wasu kat-kat masu pon mai kama taya biyu, man da bai dace ba ma na kawo wannan.

Bugu mai maimaita kansa kamar ana daka: haƙori ya karye. Idan na kuron ne, ana jin sa sau ɗaya a kowane juyin taya, wato bayan kamar mita 2. Idan na pinyo ne, bugun ya fi sauri wajen sau 4. Wannan kam ba a tafiya da shi.

Abin da mai ke faɗi

A aje mota a wuri mai daidai, a kwance bushon na gefe. Ya kamata mai ya kai bakin ramin, yatsa na taɓa shi. Idan ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga. Wannan na yawan faruwa da damina ga motocin da ke ratsa gulbin Maraɗi ko ƙoramun wajen Keita da Buza: pon mai zafi idan ya shiga ruwa yana zuƙo shi ta ɗan bututun numfashinsa na sama. A motoci da yawa bushon na ƙasa yana da maganaɗisu. Laushin garin ƙarfe a jikinsa ba abin tsoro ba ne, amma ɓarɓashi mai kaifi alama ce ta ɓarna a ciki. Idan mai na tsiyaya ta bayan taya, jwan ya mutu, kuma man na iya jiƙa birki.

Man pon daban yake da man inji. Wanda aka fi zubawa shi ne 80W-90 ko 85W-140 mai alamar GL-5. Ga motar da ke aikin wahala, a canza shi wajen kowace kilomita 40.000, a kuma duba shi duk bayan ratsa ruwa mai zurfi.

Me ke kashe shi?

Na farko rashin mai. Sai lodi fiye da ƙima, kamar yadda ake yi ranar kasuwa. Sai sa tayoyin baya da girmansu bai zo ɗaya ba, wanda ke sa satalit aiki ba hutu ko a miƙaƙƙiyar hanya. Sai kuma idan mota ta kafe cikin rairayi, direba ya yi ta ba ta wuta taya ɗaya na juyawa ita kaɗai. Gara a sauka a tona, a tura.

Wajen gyara

Kuron da pinyo tare ake canza su, don tare aka wasa su tun daga masana'anta. Idan za a sayi pon na hannu, a ƙirga haƙora. Misali kuron mai 41 da pinyo mai 10 ba ɗaya ba ne da mai 43 da 10. A kat-kat dole na gaba da na baya su zo ɗaya, in ba haka ba da an sa ƙafa huɗu za su yi ta jayayya har wani abu ya karye. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana bisa kirik kaɗai.

Ƴan uwa da ke Abijan, Akara, Legas ko Libiya, masu aiko da kuɗin gyaran motar gida, kafin ku aiko ku ce a ɗauko muku ƙarar ta WhatsApp, a faɗa muku lokacin da take fitowa, a turo hoton bushon da kalar man. Ta haka za ku san ko rulma ce kawai ko pon ne gaba ɗaya.

Ƙaramin kuka na iya jiran a kai garaji mafi kusa a hankali, ba lodi. Amma bugu, warin mai mai ƙuna, ko pon da ya yi zafi har yana hayaƙi, a tsaya nan take. Yana iya cijewa ya kulle tayoyin baya mota na cikin gudu. Allah ya kiyaye hanya.