Wurin Shaƙatawa na Ƙasa na Arches

Wurin Shaƙatawa na Ƙasa na Arches keɓaɓɓen yanki ne da ke gabashin jihar Utah a ƙasar Amurka, arewa da garin Moab, kusa da Kogin Kolorado. Faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 310. An san shi da jajayen duwatsu masu siffar baka, irin bakan gizon da magina ke ɗaurawa a soro, kuma daga nan ya samo sunansa. Akwai irin waɗannan bakunkuna fiye da 2,000 a wurin, babu inda suka taru da yawa haka a duniya. Ba a lissafa dutse cikinsu sai ƙofarsa ta kai kusan mita 1.

Tarihi

Shugaba Herbert Hoover ne ya fara sanya yankin ƙarƙashin kariyar gwamnati a ranar 12 ga Afrilu, 1929. A ranar 12 ga Nuwamba, 1971, a zamanin Shugaba Richard Nixon, aka mayar da shi wurin shaƙatawa na ƙasa.

Yadda duwatsun suka samu

Asalin bakunkunan gishiri ne da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa. Kimanin shekaru miliyan 300 da suka wuce, teku ya riƙa malalowa yankin yana ƙafewa, har ya bar gishiri mai kaurin ɗaruruwan mitoci. Daga baya yashi da laka suka binne shi, suka daskare suka zama dutse. Da nauyi ya yi yawa, sai gishirin ya riƙa motsi yana tasowa sama a wasu wurare, ya lanƙwasa dutsen da ke kansa har ya tsattsage a jere.

Ruwan sama ya bi tsagogin yana faɗaɗa su, aka samu siraran bangayen dutse a tsaitsaye. Ruwan yakan narkar da sinadarin da ya manne ƙwayoyin yashi, da hunturu kuma ya daskare a cikin tsaga ya ɓamɓare dutsen. A hankali rami ya huda bango, ya zama baka. Yawancinsu sun fito ne daga dutsen yashi da ake kira Entrada, kuma tsatsar ƙarfen da ke cikinsa ce ta ba shi launin ja. Ruwan da yankin ke samu bai wuce santimita 20 zuwa 25 a shekara ba: ya isa ya sassaƙa dutse, bai kai ya rushe shi da wuri ba.

Fitattun duwatsu

Delicate Arch shi ne mafi shahara. Tsayinsa mita 16, yana tsaye shi kaɗai a bakin gangare, kuma hotonsa na kan lambar motocin jihar Utah.

Landscape Arch ya fi kowane baka tsawo a Arewacin Amurka, domin ƙofarsa ta kai mita 88 daga gefe zuwa gefe.

Balanced Rock ƙaton dutse ne da ke zaune a kan siririn gindi, tsayinsu duka mita 39. Gindin ya fi saman laushi, don haka ya fi saurin zaizayewa.

Rushewa da kariya

Zaizayar da ta samar da bakunkunan ita ce ke rusa su. A shekarar 1991 wani ɓangare mai tsawon kusan mita 18 ya ɓalle daga Landscape Arch, daga baya aka rufe hanyar da ke bi ta ƙarƙashinsa. A watan Agusta na 2008 bakan da ake kira Wall Arch ya rushe cikin dare. Yayin da wasu ke faɗuwa, wasu sababbi na hudowa a jikin bangayen.

Mutane fiye da miliyan 1 ke ziyartar wurin duk shekara. An haramta hawa kan bakunkunan da yin rubutu a jikin duwatsu. Ana kuma buƙatar baƙi su bi hanyoyin da aka shata, saboda saman ƙasar yana da baƙin ɓawo na ƙananan halittu da ke riƙe yashi da danshi. Idan aka tattake shi, yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya farfaɗo.