William Rowan Hamilton, masanin da ya saki dokar ninkawa

Tun muna yara aka koya mana cewa biyu sau uku daidai yake da uku sau biyu. Wanda ya fito da lissafin da wannan doka ba ta aiki a cikinsa shi ne William Rowan Hamilton, haifaffen birnin Dublin na ƙasar Ayalan a 1805.

A hannun baffansa ya tashi a garin Trim, inda ya koyi harsuna da dama, har da Larabci. Bai kammala Kwalejin Trinity ba aka naɗa shi farfesan ilimin taurari a 1827.

Ya shafe shekaru yana neman hanyar ninka lambobi masu sashe uku, abin ya faskara. Ranar 16 ga Oktoba 1843, suna tafe da matarsa a bakin ruwa, sai ya gane sashe huɗu ake bukata, kuma tilas a saki waccan doka. Nan take ya karce ƙa'idar a dutsen gadar Broom.

Ya rasu a 1865. Daga baya masana suka jingine aikin nasa, amma yau da shi ake saita alƙiblar tauraron ɗan'adam, ake kuma juya hotunan wasannin kwamfutar da 'ya'yanmu ke bugawa.