Kalmar Passé da Labarin Wuri

A cikin harshen Ingilishi akwai wata kalma da suka aro daga Faransawa wajen ƙarshen ƙarni na 18, ita ce passé, ana faɗinta kamar "fase". A wurin masu ita asalin ma'anarta "abin da ya wuce", ko jiya ne ko bara. Amma da ta shiga bakin Ingilishi sai ta zama ta raini. Da fari mata ake jifa da ita, wato wadda ƙuruciyarta ta juya baya, daga nan ta bi tufafi da al'adu. Bafaranshe kuwa in ya so faɗin haka, ya fi cewa démodé. Bahaushe bai bukaci aro ba, gama yana da "tsohon yayi" tun kaka da kakanni.

Sai dai kalmar tana da ruɗi, don takan sa a zaci abu da kansa yake tsufa, alhali sau da yawa masu mulki ne ke yanke masa kwana. Labarin wuri ya isa shaida.

Sa'ad da Bature Barth ya ratsa Katsina zuwa Kano a 1851, ya tarar ana canza riyal guda a kan wuri 2,500. Mutanen Kafinsoli da Kankiya da Kusada, da yake suna tsakanin biranen nan biyu, da wuri suke cin kasuwa, da shi suke biyan sadaki. Wuri 20,000 shi ne jaka guda, kayan namiji ƙaƙƙarfa.

Turawan Ingila suka shiga Katsina a 1903. Ba a jima ba suka kawo kwabo da anini masu huda a tsakiya, aka riƙa neman haraji da kuɗin ƙarfe. To, wanda ya tara wuri cike da tulu fa? Bai yi sata ba, bai yi almubazzaranci ba, ya wayi gari dukiyarsa ta koma abin adon 'yan mata da kayan bokaye. Maraɗi kuwa iyaka ta jefa ta hannun Faransa, can tamma ce ta kore shi.

Amma wuri ya tafi ya bar sunansa, gama "kuɗi" jam'insa ne. Jaka ma ba ta mutu ba. A Nijeriya ta zama fam 100, a Nijar ta zama faran 1,000. Shi fam ɗin da ya yi wa wuri kora, ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta yi masa irin wadda ya yi, duk da haka dattawan ƙasar Kankiya suka daɗe suna kiran naira biyu fam, kwabo goma sule.