Gurbin da Ba a San Abin da Ke Cikinsa Ba

Akwai matsalar da ke hana masu rubuta manhajar intanet barci, wadda kuma ta girmi yawancinsu. Bayanin mutum yana nan daram a rumbun bayanai, a aika tambaya a fito da shi, shafi ya dawo fayau, babu ko saƙon kuskure. Idan aka bi sawu, sau da yawa kalma guda ake tararwa: NULL.

Tushen lamarin yana wajen Edgar Codd, masanin lissafi haifaffen Ingila da ya yi aiki da IBM a San Jose ta Amurka. A 1970 ya wallafa maƙalar da ta kawo shawarar jera bayanai cikin jadawali, mai nema ya faɗi abin da yake so kawai, na'ura ta san yadda za ta lalubo shi. A kan wannan tunani Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka gina harshen tambaya a 1974, wanda daga baya ya zama SQL.

Sai dai ba kowane gurbin jadawali ake da abin zuba masa ba. Don haka Codd ya tanadi alama mai nufin ba a san abin da ke gurbin ba, ya yi bayaninta a maƙalarsa ta 1979. Daga nan amsar tambaya ta zama iri uku: i, a'a, da kuma ba a sani ba, alhali rumbun ba ya miƙo komai sai wanda amsarsa ta zama i. A nemi ma'aikatan da albashinsu ya haura dubu ɗari, sannan a nemi waɗanda nasu bai haura ba; wanda ba a rubuta albashinsa ba, ba zai fito ko'ina ba. Ta fuskar lissafi babu aibi a nan, amma hankalin ɗan Adam bai saba da shi ba.

Codd kansa bai gamsu ba. A littafinsa na 1990 ya nemi a raba alamar gida biyu, ɗaya ga abin da ba a sani ba, ɗaya ga abin da bai shafi mutumin ba tun farko. Kamfanoni suka yi kunnen uwar shegu.

A 2019 wani ɗan jihar Kalifoniya ya bayyana abin da ya same shi bayan ya zaɓi NULL a matsayin lambar motarsa. Takardun tarar motocin da ba a rubuta lambarsu ba suka riƙa tururuwa zuwa gidansa, har suka haura dala 12,000.