Baƙon da Napoli ta mayar ɗan gida

Ranar 5 ga Yuli, 1984, ba a buga wasa a filin San Paolo na birnin Napoli ba, amma kimanin mutum 70,000 suka biya kuɗi suka shiga. Wani gajeren saurayi ɗan shekara 23 daga Ajantina suka zo gani, Diego Armando Maradona, wanda ƙungiyarsu ta sayo daga Barcelona a kan kuɗin da ba a taɓa biya kan ɗan ƙwallo ba. Ya fito, ya gaishe su, ya ɗan yi wasa da ƙwallo, ya doka ta sama. Iyakar abin ke nan, kuma kowa ya koma gida zuciyarsa fari ƙal.

Ƙungiyar ba ta da wani abin a zo a gani. Tun kafa ta a 1926 ba ta taɓa cin gasar Serie A ba, a kakar da ta gabaci zuwansa ma da ƙyar ta tsira daga faɗawa rukuni na ƙasa. A Italiya arewa ce mai masana'antu da kuɗi, mai Juventus da Milan da Inter, kudu kuwa sai rashin aiki da ƙaura. Kwalara ta ɓarke a Napoli a 1973, girgizar ƙasa ta kashe fiye da mutum 2,000 a yankin a 1980, kuma da waɗannan masifu biyu 'yan kallon arewa ke yi wa mutanen Napoli gori a filayen wasa, suna kiran su ƙazamai.

Maradona ya san zafin gori. A Villa Fiorito ya tashi, unguwar talakawa a gefen Buenos Aires, inda ruwan famfo ma sai an ɗebo. Tun zuwansa ya ce burinsa ya zama gwarzon yaran talakawan Napoli, domin kansa yake gani a cikinsu. Ina ganin nan ne tushen abin. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma wannan ya shekara bakwai.

Ranar 10 ga Mayu, 1987, canjaras da Fiorentina ya ba Napoli kofinta na Serie A na farko. Aka yi kwanaki ana shagali, aka shafe bango da shuɗin fenti, aka zaga gari da akwatunan gawa na wasa ɗauke da sunan Juventus. Wani ma ya je bangon maƙabarta ya rubuta wa mamatan cewa ba su san abin da ya wuce su ba. Iyaye suka riƙa raɗa wa jarirai suna Diego. Kofin UEFA ya biyo baya a 1989, na Serie A na biyu a 1990.

Sai dai so irin wannan yana shaƙe mutum. Fita titi ta gagare shi, ya faɗa hodar iblis da abota da 'yan daban Camorra, ya nemi komawa Marseille shugaban ƙungiyar Corrado Ferlaino ya hana.

Gwajin gaske ya zo ranar 3 ga Yuli, 1990, da Italiya ta haɗu da Ajantina a wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin duniya, kuma a Napoli. Maradona ya tuna wa mutanen garin cewa waɗanda ke raina su duk shekara su ne yau ke roƙon su zama 'yan Italiya. Amsar ta zo a kan wani ƙyalle da aka rataya a filin: suna son sa, amma Italiya ce ƙasarsu. Ƙasarsu suka mara wa baya, sai dai ba su yi wa taken Ajantina ihu ba, kamar yadda aka yi a Milan. Ajantina ta yi nasara a bugun fenareti. Kwana biyar bayan haka, a wasan ƙarshe a Roma, aka yi wa taken fito da ihu, kyamara kuma ta kama bakinsa yana zagi.

A 1991 gwaji ya nuna hodar a jikinsa, aka dakatar da shi wata 15, ya bar garin ba sallama. Napoli ta jingine riga mai lamba 10, kuma da ya mutu ranar 25 ga Nuwamba, 2020, aka sa wa filin sunansa cikin 'yan kwanaki.

Kofin Serie A na uku sai bayan shekara 33. Ranar 4 ga Mayu, 2023, a can Udine, Victor Osimhen ɗan Legas ya ci ƙwallon da ta kawo shi. A daren nan dubban mutane sun cika filin Diego Armando Maradona suna kallo a manyan alluna, ciyawar kuwa babu ɗan wasa ko ɗaya a kanta.